Wankan magani ba ya kashe ƙwai

Masu kiwon murjani mai rai a tankin gilashi, musamman a Amurka da Turai, suna da wata al'ada da ta zama musu kamar farilla: duk reshen da aka sayo sai an tsoma shi cikin ruwan magani na 'yan mintuna kafin a saka shi cikin babban tanki. Wasu aidin suke amfani da shi, wasu magungunan kanti irin su Revive da CoralRx, wasu ma har maganin kwarin lambu wanda a da kamfanin Bayer ke yi. Al'adar tana da amfani, amma an ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba, domin tana sa mai kiwo ya saki jiki alhali ɓarnar tana nan tafe.

Tsutsar da ke cin murjanin Acropora ta isa shaida. Falle ce siririya, tana ɗaukar launin murjanin da take ci har ido ya kasa rabe su, sai dai a ga tabon cizonta fari-fari, zagaye-zagaye, a ƙarƙashin rassa. Abin mamaki, a tankunan masu kiwo masana suka fara siffanta ta a 2011, kafin a ba da rahoton ganinta a teku a tsibirin Lizard na Ostireliya a 2012. Wankan magani yana kakkaɓe manyan tsutsotsin, mai kiwo ya gan su a gindin kwano ya ce an gama. Ƙwayayen kuwa suna manne a gindin reshe, inda nama ya zube ya bar ƙashi, cikin ɓawon da magani ba ya ratsawa. Duk uwar da ta taɓa fama da ƙwarƙwata a kan yaro ta san wannan lissafi. Bayan 'yan kwanaki ko makonni, gwargwadon ɗumin ruwa, sai su ƙyanƙyashe cikin babban tanki, inda babu damar zuba magani mai ƙarfi. Haka lamarin yake ga wata 'yar farar halitta mai cin murjanin Montipora. Saboda haka abin da ke aiki shi ne killacewa: a ajiye sabon reshe a tanki na daban makonni da dama, a yanke tsohon gindinsa a yar, a kankare ƙwai da hannu, a riƙa maimaita wankan kowane mako har duk abin da ya ƙyanƙyashe ya mutu kafin ya kai ga yin nasa ƙwan.

Akwai masu cewa tanki na biyu kuɗi ne, kuma murjani yana wahala a ƙaramin ruwa da yanayinsa ke saurin canzawa. Gaskiya ne, reshe kan mutu a killace. Amma a auna wannan da kuɗin magani bayan an makara. Jajayen kwarin da ake kira Tegastes acroporanus, 'yan mitsi-mitsi dangin jatan lande, an saba kashe su da Interceptor, wanda asalinsa maganin tsutsar zuciya ne na karnuka. Yana kashe su, tare da jatan lande da ƙaguwa da ƙananan halittun da kifaye ke ci. Jar tsutsar da ake kira Convolutriloba kuma idan magani ya kashe ta da yawa lokaci guda tana sakin dafin da kan hallaka kifi. Asarar reshe ɗaya ba ta kai wannan ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa a bar halitta ta ci halitta. Tana da tushe, don wata halitta da ake kira Berghia ba ta cin komai sai Aiptasia, wannan ɗan kutse mai harbin murjani, kuma gwajin da aka yi a Ostireliya ya nuna wani nau'in jatan lande na Lysmata yana cin tsutsar Acropora har da ƙwanta. Sai dai Berghia yunwa ke kashe ta da zarar abincinta ya ƙare, jatan landen kuma a kanti ana yawan cakuɗa nau'o'insa, har mutum ya sayo wanda zai juya ya ci murjanin da aka kawo shi ya tsare. Mafarauci yana rage yawan kwari, ba ya tabbatar da ƙarewarsu, kuma a ruwan da yake rufe ruf ragowar ƙwai kaɗan sun isa su sake cika tanki.