Shaihu Umar na Adamu Halilu: Falalarsa da Naƙasarsa

A 'yan shekarun nan wata kyakkyawar al'ada ta yaɗu tsakanin ma'abota majigi, wato tono tsofaffin finafinan da ƙura ta binne, a gyara su, a sake haska su ga jama'a, har mutanen Italiya suna da biki na musamman kowace shekara a birnin Bolonya domin raya ayyukan da zamani ya yi musu rowar yabo. Mu ma rabonmu ya rantse, domin Shaihu Umar, wanda marigayi Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, an gano faifansa cikin wata tsohuwar ma'ajiya a Legas a 2016, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi tare da Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Asalinsa littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya rubuta domin gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, shi Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihun. Duk wanda ya zauna ya ga malamin nan yana warware wa almajiransa ƙissarsa, tun daga Kagara, da makircin da ya sa aka kori Makau mijin uwarsa, da yadda aka sace shi yana yaro har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, ya ƙetare sahara ya sami ilimi, lalle zai shaida cewa Halilu ya san ƙimar natsuwa. Hausar tatacciya ce, fadanci da tufafi da gaisuwa duk suna bisa ƙa'ida, tawakkali kuwa ana ganinsa cikin ɗabi'ar mutane, ba sai an tsaya an yi wa mai kallo wa'azi ba.

Amma insafi ya wajabta mu ambaci naƙasa, gama wanda ya ɓoye aibin abin da yake ƙauna bai cika masa haƙƙin nasiha ba. Tsawonsa ya haura sa'a biyu, kuma a wurare da dama ƙamshin dandamali bai sake shi ba, sai ka ga mutane sun jeru suna zance alhali na'urar ɗaukar hoto tana tsaye cik. Mafi nauyi daga wannan, a ganina, shi ne sassaucin da aka yi wa bauta, domin kyautatawar Abdulkarim da ɗaukakar da Umar ya samu sun kusa lulluɓe zaluncin fataucin bayi, alhali uwar nan da ta bar gida neman ɗanta, aka bautar da ita, ta gan shi bayan shekaru sa'an nan ta cika, ita ce haƙiƙanin zuciyar ƙissar, kuma ta cancanci fili fiye da wanda ta samu.

Duk da haka falalar ta rinjayi naƙasar nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne a ce Halilu, mutumin da ya shugabanci Hukumar Finafinai a farkon kafuwarta, ya kuma yi fim ɗin Kanta na Kebbi, yawancin matasan Kannywood ba su san sunansa ba. Ina kira ga masu shirya bikin finafinai na Zuma a nan Abuja, da gidajen talabijin, da malaman jami'o'inmu, su mai da nuna wannan fim al'ada, a kalle shi, a yi muƙabala a kansa, domin 'ya'yanmu su san cewa sana'ar nan tana da magabata.