Gwanayen da Ke Zaɓa wa Ƙaramar Bindiga Harsashi

Ranar 11 ga Afrilun 1986, a wata unguwa da ke kudancin birnin Miami na Amurka, jami'an hukumar FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix. Ba a yi minti biyar ana musayar wuta ba, amma kafin ƙura ta lafa jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, sun rasu, biyar sun jikkata. Abin da ya fi tsaya wa hukumar a rai shi ne wani harsashi guda mai kaurin milimita 9 da ya sami Platt tun farkon artabun. Ya ratsa damtsensa na dama, ya shiga ƙirji, ya huda huhu, sannan ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya kai zuciya. Raunin na ajali ne, amma bai hana shi ci gaba da harbi ba, kuma bayan ya same shi ne ya kashe jami'an nan biyu.

Daga wannan rana ne zaɓen harsashi ya tashi daga hirar masu shagon bindiga ya koma ilimi mai ma'auni, kuma masu wannan ilimi suna burge ni ƙwarai.

Harsashi na yau da kullum dalma ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe, kansa a mulmule. Idan ya shiga jiki ba ya canza kama, sau da yawa yakan ɓulla ta ɗaya gefen da sauran ƙarfinsa, ya tafi neman wanda bai ji ba bai gani ba. Shi kuwa mai rami a baki, an rarake kansa an tsattsaga gefen ramin. Da ya haɗu da tsoka, sai danshin jiki ya cika ramin da ƙarfi, bakin ya buɗe kamar lema, faɗinsa ya ƙaru, gudunsa ya karye, ya tsaya a ciki. Wannan ne ya sa rundunar 'yan sandan New York ta sanar a 1998 cewa za ta koma amfani da shi: a gari mai cunkoso, harsashin da ya wuce ta jikin wanda aka nufa masifa ce ga mai tafiya a bakin titi.

To, a nan gwanintar take. Harsashin da ya yi saurin buɗewa zai tsaya a kusa, kamar yadda ya faru a Miami. Wanda ya ƙi buɗewa zai zarce. Gwani yana neman tsaka-tsakin nan ne, kuma ba ya karɓar maganar da aka rubuta a jikin kwali sai ya gani da idonsa.

Wanda ya ba gwanayen ido shi ne Dokta Martin Fackler, likitan tiyata na sojan Amurka da ya yi aiki a yaƙin Vietnam, ya ga raunukan harbi iri-iri. A cibiyar binciken soja ta Letterman da ke San Francisco ya daidaita amfani da jelatin, wato sinadarin nan da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana. Ana dama kashi 10 na garinsa da kashi 90 na ruwa, a zuba a mazubi, a sanyaya shi zuwa digiri 4. Curin da ya fito yana tare harsashi kusan yadda tsoka ke tare shi, ga shi kuma ana ganin cikinsa, don haka hanyar da harsashin ya bi tana nan zane, sai a ɗauko ma'auni. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba sa yarda da curin kansa sai sun jarraba shi. Kafin a soma aiki, ana harba masa ɗan ƙwallon ƙarfe na bindigar iska da gudun kusan mita 180 a daƙiƙa. Idan ya nutse kimanin santimita 8 da rabi, curin ya yi. Idan ya wuce ko ya gaza da yawa, a ajiye shi gefe, wahalar damu da sanyayawa ta tafi a banza. Mutanen da ke auna ma'auninsu kafin su auna kaya, ai dole a sara musu.

Ƙa'idar da FBI ta tsayar a ƙarshen shekarun 1980 ita ce harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin jelatin, wato santimita 30 zuwa 46. Mai karatu zai ce ina ƙirjin mutum ya kai haka? Amsar tana jikin Platt: wanda ake faɗa da shi ba ya tsayawa ƙiƙam ya ba ka ƙirji. Yana iya juyawa gefe, hannunsa na iya tare hanya, ga ƙashi, ga fata mai tauri. Sannan ba jelatin tsirara kaɗai ake harbi ba. Ana lulluɓe shi da tufafi masu kauri ninki huɗu, ana gitta farantan ƙarfe irin na ƙofar mota, da allon bangon ɗaki, da falankin katako, da gilashin gaban mota, kowanne harbi biyar. A tono kowane harsashi, a auna faɗin buɗewarsa, a ɗora shi a sikeli a ga ko ya zubar da nauyi a hanya.

Gwajin tufafi ne ya fi tona asirin harsasai. Zaren rigar sanyi kan cushe ramin bakin, sai harsashin ya kasa buɗewa ya koma tamkar mulmulalle. Gilashin mota kuwa yakan raba dalma da rigarta ta jan ƙarfe. Kowace matsala ta haifar da dabara: kamfanin Speer ya manne rigar da dalmar a samfurinsa na Gold Dot yadda ba za su rabu ba, Hornady kuma ya toshe ramin da roba mai laushi don kada zare ya shiga.

Da farko hukumar ta ɗauka girma ne magani. Ta koma harsashi mai milimita 10, sai aka tarar bugunsa ya fi ƙarfin hannun jami'ai da yawa. Daga nan aka samo harsashin .40 S&W a 1990. Amma a 2014 sashen horarwa na hukumar ya ba da shawarar a dawo kan milimita 9, domin na zamani ya riga ya cika ƙa'idar jelatin, bugunsa da sauƙi, jami'ai sun fi dacewa da saiti da shi, bindiga kuma ta fi ɗaukarsa da yawa. A ganina wannan dawowar ita ce babbar shaidar gaskiyar masu aikin, don sun bi abin da ma'auni ya nuna ko da ya mayar da su kan girman harsashin da aka ɗora wa laifi a 1986.

Akwai saura wanda ɗakin gwaji ba zai yi wa kowa ba. Bindiga mai gajeren hanci tana rage wa harsashi gudu, kuma ramin ba ya buɗewa sai da gudu, shi ya sa gwani ke tambayar da wace bindiga aka yi gwajin. Wata bindigar kuma ba ta haɗiyar harsashi mai faɗin baki, sai ta shaƙe. Don haka mai lasisi kan je filin atisaye ya ƙona kwalaye da dama na ainihin irin da zai riƙe, duk tsadarsa, har ya tabbata ba ya maƙalewa.

Doka ma ba ta bar shi sakaka ba. Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana harsashi mai buɗewa a yaƙi tsakanin ƙasashen da suka sa hannu, bayan surutun da aka yi kan wanda Ingila ta ƙera a masana'antar Dum Dum kusa da Kalkata. A Amurka kanta jihar New Jersey ta taƙaita yawo da shi. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka a wajenmu wannan ilimi na masu sayo wa jami'an tsaro kayan aiki ne, da likitocin da ke ciro harsashi a ɗakin tiyata.