4.3 Tarken Yadda Ake Kwafe Waƙoƙin Baka Daga Faifan Garmaho Zuwa Kwamfuta

Da yawa daga cikin waƙoƙin baka da ɗalibai suke nazari a yau sun iso hannunsu ne ta waya ko ta kwamfuta, alhali kuwa wasunsu a faifan garmaho aka fara naɗar su. Akasari ɗalibi yakan saurari irin wannan kwafi, ya rubuta matani, ya shiga fitar da jigo da salo, ba tare da ya tambayi hanyar da waƙar ta biyo ba. Wannan sashe zai yi tarken aikin kwafewar, domin a nuna cewa mai kwafewa yana da hannu a cikin matanin da ya iso ga manazarci, ko ya sani ko bai sani ba.

4.3.1 Gudun Faifai

Faya-fayan garmaho iri uku ne idan aka dubi gudunsu. Akwai tsohon faifai mai juyi 78 a minti ɗaya, wanda ake yi da wani ƙaro mai saurin fashewa, kuma kowace fuska tasa takan ɗauki waƙar minti 3 ko sama da haka kaɗan. Akwai babban faifan roba mai juyi 33⅓ wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1948, da yake ɗaukar kimanin minti 20 a kowace fuska. Sai ƙaramin faifai mai juyi 45 da kamfanin RCA Victor ya fitar a 1949. Kamfanoni irin su Decca da EMI sun buga waƙoƙin makaɗan Nijeriya a kan irin waɗannan faya-fayai.

Babban kuskure, wato a sa faifai mai juyi 33⅓ a kan 45, ba ya ɓoyuwa, domin gudun waƙar yakan ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, muryar dattijo ta koma ta yaro. Abin tsoro shi ne ƙaramin kuskure. Tsohuwar garmaho da robar da ke juya ta ta saki takan rage gudu kaɗan, wata kuma ta ƙara. Idan bambancin ya kai kashi 6 cikin ɗari, murya takan ɗaga ko ta sauka da rabin mataki, kiɗan ma ya sauya tafiya. Ma'anar kalmomi ba za ta ɓace ba, tun da karin sautin Hausa ya dogara ne a kan dangantakar gaɓa da gaɓa. Sai dai duk hukuncin da manazarci zai yanke a kan kaurin muryar makaɗi ko saurin rauji ya tsaya a kan tubalin toka.

4.3.2 Daidaita Sauti da Share Ƙara

A lokacin da ake yanka faifai, kamfani yakan rage ƙarfin sauti mai kauri, ya ƙara na mai kaifi, don tsagin faifai ya ɗauki waƙa mai yawa. Na'urar saurare ita ce take mayar da kowanne matsayinsa. A 1954 ne aka tsayar da ma'auni ɗaya na wannan aiki a Amurka, wanda ake kira RIAA, kafin nan kuwa kamfanoni suna da ma'aunai daban-daban. Wanda ya jona garmaho kai tsaye da kwamfuta ba tare da na'urar da ke mayar da sautin ba, zai sami kwafi mai tsini, marar nauyi. A waƙar Turawa wannan naƙasu ne na daɗin ji. A waƙar Hausa ya wuce nan, saboda kalangu yana kwaikwayon hawa da saukar magana, kuma a waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kiɗan yakan amsa wa jagora tamkar ɗaya daga cikin 'yan amshi. Idan kalangu ya shaƙe, an rage wa waƙar murya guda.

Haka kuma tsagin faifai mai juyi 78 ya fi na faifan roba faɗi, don haka allurarsa daban ce. Siririyar allura takan faɗa can ƙasan tsagin ta kwaso ƙara. Ga kuma ƙurar hunturu da take cika tsagi, ga zafin rana da yake lanƙwasa faifan roba. Don magance ƙaraf-ƙaraf da hucin da ake ji, masu kwafewa sukan yi amfani da manhaja irin su Audacity, wadda ta fito a 2000. A nan ma sai an yi hattara. Manhajar ba ta jin Hausa. Hucin faifai yana zaune ne a inda sautukan /s/ da /sh/ da /ts/ suke, kuma ɗan tsinkewar da ke rarrabe /ƙ/ da /k/ abu ne mai saurin gogewa. Idan aka matsa wajen sharewa, sai “ƙafa” da “kafa” su yi kama a kunne, ɗalibi ya rubuta abin da ya zata, ya gina sharhi a kai. Kwafi mai ɗan ƙara wanda kalmominsa suka fita ya fi amfani ga nazari a kan mai tsabta da aka goge wa baƙaƙe.

4.3.3 Rabuwar Waƙa da Takardarta

Wannan ita ce asara mafi girma, kuma ba na'ura ce take jawo ta ba. A tsakiyar kowane faifai akwai takarda mai ɗauke da sunan makaɗi da na waƙa da na kamfani da lambar faifai, wani lokaci har da shekara. Hanyar nazarin waƙar baka da Gusau (1993) ya shimfiɗa tana buƙatar a san salsalar waƙa da lokacin da aka yi ta. To, idan an kwafe waƙa aka sa mata suna “Shata 1” kawai, an yanke ta daga wannan bayani baki ɗaya. Makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Bakandamiyar Shata, alal misali, an naɗe ta a lokuta daban-daban, ɗiyanta suna ƙaruwa suna sauyawa. Wanda bai san wace rerawa ce a hannunsa ba, ba shi da hurumin cewa ga yawan ɗiyan waƙar.

Bugu da ƙari, doguwar waƙa takan rabu a fuska biyu ta faifai. Wani mai kwafewa yakan ɗauki fuska ɗaya ya bar ɗaya, wani ya haɗa su a juye, wani kuma ya datse gindin waƙa da aka maimaita yana ganin ɓata wuri ne. Daga nan sai a matse kwafin zuwa MP3 don ya yi sauƙin turawa, wanda tsari ne da yake zubar da wani ɓangare na sauti har abada.

4.3.4 Naɗewa

Duk da waɗannan matsaloli, dole a yaba wa masu kwafewa, domin ba don su ba da waƙoƙi da dama sun fashe tare da faya-fayansu, matasa ba su taɓa jin su ba. Abin da ake nema shi ne a kyautata aikin. A wanke faifai, a tabbatar da gudunsa da allurarsa, a ajiye kwafi na farko a tsarin WAV ba tare da an taɓa shi ba, sannan a yi gyara a kan na biyu. A ɗauki hoton takardar faifai a haɗa da waƙar. Kada kuma a yar da faifan bayan an kwafe, domin ajiyar kwamfuta ma tana da nata haɗarin, kamar yadda aka gani a 2023 lokacin da masu kutse suka durƙusar da ayyukan intanet na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. Shi kuwa manazarci, wajibi ne ya faɗi inda ya samo kwafinsa, ya kuma sa alama a duk kalmar da bai ji sosai ba.