Zanzaro, Maginin Bangon Zaure

Idan damina ta zauna a ƙasar Karaye, ka je bakin dam ɗin Chalawa da hantsi, inda shanu suka sha ruwa suka tattake gaɓa, ka tsuguna. Za ka ga zanzaro sun sauka a kan laka, kai ƙasa gindi sama, suna ta kwaɓa. A 1992 aka kammala dam ɗin, amma su tun kafin a yi tunanin tare kogin suke wannan aiki a kowane kududdufi daga nan har Rogo. Kowanne yakan mulmula curi guda da bakinsa da ƙafafun gaba, curin da bai kai ƙwayar wake ba, ya rungume shi ya tashi. In ka iya bin sa, zai kai ka bangon zaure, ko bayan ƙofa, ko ƙarƙashin azara, wurin da ruwan sama ba ya duka.

Mu dai “shi” muke ce masa, amma mai ginin mace ce. Namijin ba ya gini, ba shi ma da ƙarin harbi. Kuma kada a haɗa ta da rina, mai zaman taro da saurin fushi. Zanzaro ita kaɗai take aikinta, ba ta kula kowa, da wuya ta harbi mutum sai in an damƙe ta. Ƙugun nan nata siriri kamar zare, wanda ya sa muke cewa ɗan makaranta ya yi zanzaro idan ya cusa riga cikin wando, shi ke ba ta damar lanƙwasa jiki ta kai ƙari duk inda take so.

Na taɓa kashe rabin yini a zaurenmu ina kallon wata tana ɗora ɗaki. Tana sauka sai ta aza curin a bakin ginin, ta ja shi da muƙamuƙi, ta shimfiɗa shi ya zama siririn layi, daga sama zuwa gefe. Sawu na gaba ta ja ta ɗaya gefen, layukan su haɗu kamar kitso. Duk lokacin da take shafawa za ka ji wata ƙara siririya, zzzz. Da ina yaro na ɗauka waƙa take yi. Ashe naman fukafukanta take kaɗawa, girgizar ta bi ta kanta ta shiga lakar, lakar ta saki ta kwanta yadda ake so. Magina na zamani ma sai sun sa injin girgiza kafin kankare ya zauna. Ba ta ɗebo lakar da ta yi ruwa da yawa, ba ta ɗebo wadda ta bushe. Akwai ma irin da ke zuwa da ruwa a cikinta, ta tofa kan busasshiyar ƙasa ta kwaɓa da kanta, ta gina ɗan tulu mai wuya da baki, wanda maginiyar tukwane za ta gani ta jinjina. Ɗaki guda sawu gommai yake ci, ga shi ba magwaji ba igiya, amma tsawonsa yakan fito daidai da abin da za a sa a ciki.

Abin da za a sa a ciki shi ne inda hikimar ta fi ƙarfi. Kakata takan hana mu farfasa gidan, ta ce: “Kai ɗan nan, bar mata abinta. Ba ta haihuwa, ɗan wani take ɗaukowa ta rufe ya zama nata.” Idon kakata ya ga gaskiya: tsutsa ake shigarwa, zanzaro ke fitowa. Abin da bango ya ɓoye mata shi ne ƙwan. Uwar takan tafi farauta, wani irin zanzaron gizo-gizo yake kamowa, wani irin kuma tsutsar ganye. Idan ta kama, sai ta soka ƙari a inda jijiyoyin motsi suka taru, ta zuba dafi gwargwado. Abin ba ya mutuwa, jikinsa ne ke shanyewa. Da ta kashe shi, kwana biyu cikin zafin ƙasarmu ya ruɓe, ɗanta ya ƙyanƙyashe cikin wari. Da ta bar shi da ƙarfinsa, ya murƙushe ƙwan. Sai ta ajiye shi tsakanin biyun, nama ɗanye da rai, har lokacin da ake bukata. Mai ginin tulu har da zare take rataye ƙwanta daga rufin ɗaki, sama da tsutsotsin da ke ɗan mutsu-mutsu. Sannan ta kawo curin ƙarshe ta liƙe ƙofa, ta koma gina na kusa.

Wani Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, wanda ya rasu a 1915, ya shafe shekaru yana durƙushe gaban irin waɗannan ƙwari. Ya gwada wata: duk gizo-gizon da ta kawo sai ya zare, har da wanda ƙwan ke jikinsa. Ta ci gaba da kawowa, daga bisani ta liƙe ɗakin ba komai a ciki. Wannan gwaji ya fi komai taɓa ni, domin ya nuna ba lissafin kanta take bi ba. Ba ta taɓa ganin uwarta ba, ba ta yi zaman koyo a gaban kowa ba, ba kuma za ta ga ɗan da take wa wahala ba. An dai zuba mata aikin a jiki cikakke. Malamanmu ilhama suke kiran wannan idan sun zo tafsirin Suratun Nahli. Littafin da ya sa wa surori sunan kudan zuma da tururuwa da gizo-gizo ai ya riga ya nuna mana inda za mu sunkuya mu duba.

Manomin Rogo da tsutsa ke cin masararsa da wakensa yana da ma'aikaciya a nan wadda ba ta karɓar lada, kuma feshin maganin ƙwari barkatai har da ita yake kashewa. Shi ya sa idan ana sharar bango kafin salla nake roƙon a duba gidan tukuna. Wanda aka ga ƙofarsa a liƙe, akwai rai a ciki: ya cinye guzurinsa, ya naɗe kansa, yana jira, wani har rani ya wuce. Wanda kuma aka ga ɗan rami zagayayye a jikinsa, mai ɗakin ta huda ta fita, wataƙila tana can bakin ruwa tana mulmula curinta na farko.