Masu Zagayawa da Baƙo a Salaga

Ka sauka a Salaga, ba ka rasa dattijon da zai karɓe ka da "Sannu da zuwa, Malam", ya kama hanya da kai zuwa tsofaffin rijiyoyin garin, ya share ciyawa da ƙafa ya nuna maka bakin wata, ɗan ƙarami, kamar ba ta taɓa shayar da ayarin fataken goro ba. A wurin da ake kira Wankan Bayi muryarsa kan yi ƙasa.

Waɗannan mutane nake jinjina wa. A bakinsu Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano, mai Waƙar Talauci da Wadata, yana nan da ransa, ko da yake wani yaƙi ya tarwatsa Salaga a 1892, shi kuma ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934.