Dirki Bai Ci Alwali Ba

Tarihin Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, littafi ne mai daɗin karatu har ka iso kan Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya hau a 1781. A nan marubucin ya yi mana rowa. Gidan sarautar da ya kai shekara ɗari takwas ya rushe, amma dalilin da ya fi jan numfashi a kansa shi ne Dirki: fadawa sun nemi shanun yanka, Alwali ya gaji da bayarwa, ya sa aka sassare abin da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki.  Daga nan sai yaƙi, sai gudu Zariya, sai mutuwa a Burumburum.

Labarin ya tsaru, ban musa ba. Amma mu da muke bin diddigin manhaja idan ta tsaya, ba ma kama layin da ta mutu a kansa mu ce shi ne mai laifi. Ɓarnar takan faro can baya.

Bayan nan kuwa yammacin Kano ne. A Kwazazzabon 'Yar Kwando malaman jihadi suka yi hijira suka haɗa kai: Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Jibir na Yolawa, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Usman Bahaushe, wanda sunansa kaɗai ya isa ya girgiza mai cewa rigimar ta ƙabila ce zalla. Rundunonin farko da Alwali ya tura ba su yi nasara ba. Jama'ar ta bi ta Gammo da Godiya, garuruwan da yau suke ƙaramar hukumar Kabo, ta kai ga Karaye. Ɗan Gwarzo ko Kabo da ya buɗe Tarihin Kano ba zai ga yadda aka yi wannan tafiya ta ƙofar gidansu ba. Sai ya nemi Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, ko littafin M.G. Smith kan mulkin Kano da ya fito a 1997.

Zangi ma da nasa nauyin. Alƙalin masu nasara ne, ya kuma yi rubutu wajen shekara 60 bayan ƙura ta lafa, don haka kowace nasara a wurinsa hujja ce ta gaskiyar jama'a. Duk da haka yana ba ka gari da mutum da jerin abin da ya faru, abin da za ka iya aunawa.

Abin da ya fi damuna shi ne Ɗan Mama. A ruwayoyin jihadi yana cikin manyan fada da suka juya wa Alwali baya, har aka kai ga karon Ɗanyaya wajen 1807, kuma bai rasa matsayinsa a sabuwar gwamnati ba. Tarihin Kano bai ambaci wannan juya baya ba.  Marubucin ya san fada ciki da bai, kuma a ganina da gangan ya bar gatarin ya rufe wannan magana.