Wa ke riƙe da bakin labari? Nazari a kan Shaihu Umar da Sarraounia

Marubucin ƙagaggen labari yakan zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu: ko ya danƙa labarin a bakin mutum guda, ko ya raba shi tsakanin mutane da dama. Wannan zaɓi shi ke yanke wanda za a ji kukansa da wanda za a yi shiru a kansa. Za mu duba haka cikin littattafai biyu.

A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), malamin ne da kansa ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Amfanin wannan hanya shi ne kusanci: mai karatu yana zaune tamkar ɗaya daga cikin almajiran. Amma Umar bai ga wahalar da uwarsa ta sha ba sa'ad da ta fita nemansa, aka sayar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Duk da haka shi ke ba da labarinta, da natsuwar malamin da ya karɓi ƙaddara. Saboda haka zafin bauta yakan iso ga mai karatu a sanyaye, domin wadda ta fi ɗanɗana shi ba ita ke magana ba.

Abdoulaye Mamani, a cikin Sarraounia (1980) da ya rubuta da Faransanci, ya bi hanya ta biyu. Yana kai mu sansanin Voulet da Chanoine, ya kai mu fadar Sakkwato, ya komo da mu Lugu inda aka gwabza a 1899. Ta haka ne muke gane cewa rashin haɗin kan ƴan ƙasa ya sauƙaƙa wa sojan Faransa tafiya, abin da baki guda ba zai iya nunawa ba. Sai dai ita Sarauniyar mun fi ganinta ta idon masu tsoronta da masu yabonta. Abin da ke cikin zuciyarta ya yi mana nisa.

Daga nan za a ga cewa kowace hanya tana da abin da take ɓoyewa. Ya kamata mai nazari, kafin ya yaba salo, ya fara tambaya: cikin mutanen labarin, wane ne aka hana wa magana, kuma me ya sa?